Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa a Sabon Gari

Ana idar da sallar asuba muka bar Gumel, ni da surukata Hajiya da jaririna ɗan wata bakwai. Na san labarin abin da na yi a Kano ya riga ni isowa gida. Na ga saƙonnin da wasunku suka turo mini, har da wadda ta ce boko ya cinye mini kunya. To ku ji daga bakina, tun daga tasha har dawowa, bayan nan kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Ƙaramar mota muka samu, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, da wani dattijo ya yi ƙorafi sai direba ya ce masa ya je ya yi wa gidan mai, shi ma aiko shi aka yi. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi mai daɗi. Gero ya fitar da kai hagu da dama, hasken safiya yana sauka a kan ganyen kamar an shafa masa mai. Irin safiyar nan ce da a littattafan da na taso ina karantawa ake cewa zuciya tana yin fari. Tawa dai a cunkushe take.

Yaron yana cinyar Hajiya. Kullum a nan yake in muna cikin mutane, ni sai in zai sha nono ake miƙo mini shi. Ɗan fari ne, kun san yadda abin yake a wurinmu: uwa ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi. Nawa kuma abin ya zo biyu, domin sunan marigayi mahaifin maigidana aka sa masa. Ni ba zan faɗa ba, sunan surukina ne. Maigidana ba zai faɗa ba, sunan ubansa ne, Abba yake ce masa. Hajiya ba za ta faɗa ba, sunan mijinta ne, Angona take ce masa. Tun ranar da aka raɗa sunan a ƙofar gida ban ƙara jin wani ya furta shi ba. Ni kuwa ko laƙabi ban ba shi ba. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan. Gidanmu gidan yawa ne, ɗakina yana manne da na Hajiya, don haka ko mu biyu ne a ɗaki da ido nake yi masa magana.

Abin da ya fito da ni shi ne wannan. Wata rana yana kwance a tabarma, idonsa biyu, faranti cike da kwanuka ya suɓuce mini ya zube dab da shi. Kajin tsakar gida sai da suka watse. Shi ko gezau. Daga ranar na fara lura. Tsawa ta faɗi, yaran gida su ruga ɗaki, shi yana wasa da yatsunsa. Maƙwabciyarmu ta ce, "Yaron nan akwai haƙuri," amma yadda ta ja maganar na san kalmar da ta haɗiye. Hajiya ta ce haƙurin mai sunan ya ɗauko. Maigidana ya ce mu bari ya shekara mu gani. Ni kuwa na daina barci mai nauyi, tambaya ɗaya ce take kwana da ni take tashi da ni: yaron nan yana ji ko ba ya ji?

Wata ƙawata ta makaranta da ke aure a Fagge ce ta ba ni labarin wani zama da ake yi duk Asabar a Sabon Gari, iyaye su zo da jariransu a yi musu wasa da sautuka iri-iri. Ajin kunne matan unguwarsu suke ce masa. Da na ji Hajiya za ta kasuwar Kwari sayen atamfar bikin jikar yayarta, sai na ɗaura tafiyata a kan tata. Ban ɓoye mata ba. Ta yi dariya har da tafawa, ta ce, "Yau ga zamani. Jariri ma aji ake sa shi?" Amma ta yarda.

A Gujungu direba ya tsaya shan mai, mata masu talla suka yanyame motar da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara da ƙwai. Hajiya ta sayi masara, ta ce ta Gumel ta fi zaƙi, ta kuma cinye ta tas. Direbanmu mutum ne da ya ɗauki oda a matsayin gaisuwa: ya danna wa akuya, ya danna wa mai keke, ya danna wa rami. Duk dannawa ɗaya sai na saci kallon fuskar yaron. Daga Gujungu zuwa Gezawa ban ga gona ko ɗaya ba, fuskar nan kawai nake karantawa, ita kuwa ba ta gaya mini komai ba.

Kano gari ne da kunne yake riga ido shiga. Tun kafin mu sauka a Yankaba hayaniyar ta tare mu: 'yan kamasho suna kiran garuruwa, masu maganin gargajiya da lasifika, adaidaita sahu kamar an fasa gidan rina. Muka hau ɗaya zuwa Fagge. Matuƙin yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna wa Hajiya gadojin da aka gina tun zuwanta na ƙarshe, ita kuma tana salati tana ce masa ya mayar da hannun inda Allah ya ajiye shi.

Gidan ƙawata yana cikin wani lungu da ruwan daren jiya bai gama janyewa ba, sai da muka tattare zannuwa muna taka duwatsun da aka jera. Kowace ƙofa ka wuce keken ɗinki ne yake gudu, Fagge kenan, ga teloli ga 'yan atamfa. Dangin mijinta Barebari ne da suka daɗe a Kano, yaren ma ya tafi, amma turaren wuta bai tafi ba. Tun daga zaure ƙamshin ya rungume mu, har Hajiya ta sassauta fuska ta tambayi inda ake haɗa shi. Aka kawo mana gurasa da ƙuli da mai da albasa, da shayi mai kauri. Gurasar Kano dai a bar ta, laushinta kamar auduga. Na ci loma uku na kasa.

Wajen ƙarfe goma muka fito mu huɗu da ƙawata, ta bar tata 'yar a gida don ta ce yau ranata ce. Muka hau adaidaita muka bi ta titin Ibrahim Taiwo, muka faɗa cunkoson kasuwar Singa. Manyan motoci sun toshe rabin hanya ana sauke kwalayen taliya da buhunan sukari, 'yan dako suna ratsawa tsakanin motoci da kaya a ka suna ihun a ba su hanya. Mun fi minti ashirin a wuri ɗaya. Da muka shiga Sabon Gari sai tituna suka miƙe sambal, kowanne da janaretansa da kiɗansa, ana ciniki da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turanci a shago ɗaya, ƙamshin soyayyen kifi yana bin mutum har cikin mayafi.

Wurin a saman bene yake, ajin wata makarantar yara da ba a karatu ranar Asabar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. An rufe tagogi, an kashe fanka, an shimfiɗa tabarmi da ƙananan katifu a zagaye. Ba mu kai ashirin ba. Akwai maza biyu, ɗaya ya zo da tagwaye shi da matarsa, yana ta gumi tun ba a fara ba. Mai gudanar da zaman tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, Bayarabiya, kowa Iya yake ce mata. Ɗaurin ɗankwalinta ya kai kamu guda, Hausarta kuwa in ka rufe ido sai ka rantse 'yar cikin ganuwa ce.

Kayan aikinta babu wanda ba mu da shi a gida. Gora da tsakuwa a ciki. Shantu. Ƙwarya a kife a kan ruwa cikin baho. Ƙaramar ƙararrawa, busasshen ganyen masara, buta da kwanon silba. Hajiya ta leƙa ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Da na sani da na kwaso na ɗakina mun huta da kuɗin mota."

Iya ta ce kakanni su koma benci a baya, kowace uwa ta riƙe nata. Hajiya ta miƙo mini shi ba da son ranta ba. Wannan ne karo na farko da na zaunar da ɗana a cinyata muna kallon juna a gaban mutane. Ban san inda zan sa idona ba. Ashe yana da ɗan tabo baƙi a ƙasan haɓa. Wata bakwai, sai ranar na gani da kyau.

Aka fara da shiru, Iya ta ce mu saurari numfashinsu. Sannan ta tsiyaya ruwa daga buta zuwa kwano, siriri, daga sama. Kawunan jarirai suka juya kamar an ja su da zare ɗaya. Ta murza ganyen masara, wata 'yar lukuta ta ƙyalƙyale da dariya. Ta buga ƙwarya a kan ruwa, dum, dum, tagwayen nan suka fashe da kuka tare, ubansu ya fara yi musu waƙa da wata murya da ta sa kukan ya ƙaru. Kowa ya yi dariya. Ta ba mu gora mu kaɗa da kanmu, kusa, nesa, sama, ƙasa, ta ce mu riƙa jira, kada mu cika musu kunne, jariri yana bukatar lokaci kafin ya amsa. Wallahi abin yana da kyau. Da ba da nauyi a ƙirji na zo ba, da na ce ban taɓa zama wuri mai daɗinsa ba.

Nawa yana kallon ɗankwalin Iya. Shi kenan abin da yake yi.

Na san ta lura, domin da aka zo zagayen ƙarshe ta bar mu a ƙarshe. A zagayen nan ana zaunar da jariri a katifa, wata ta ɗauke masa hankali da ƙwallo ta gaba, uwar ta zagaya bayansa ta kira shi. Na ji sunaye a ranar. Wata ta ce Sarauniya, wata ta ce Ɗan gatana, wata ta rera sunan ɗanta da Yarabanci kamar tana kirari. Kowanne ya waiga, a tafa masa.

Da aka zo kanmu ƙawata ta riƙe ƙwallon. Iya ta kaɗa ƙararrawa ta hagunsa. Babu komai. Ta kaɗa ta dama, ya ɗan tsaya da wasa, ya ƙifta ido, ya ci gaba. Ta dube ni.

"'Yata, me kike kiransa a gida?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta amsa daga benci, "Ɗan fari ne, Iya. Ba ta kiransa."

"Na sani, Hajiya, a Fagge aka binne cibiyata. To da me take yi masa magana?"

"Da ido," in ji ƙawata. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Hajiya ta miƙe ta ce ita za ta kira shi, ya san muryarta. Ta tsaya daga bayansa, can ta hagu, ta ce, "Angona! Angona, ga amaryarka!" Sau uku. Yaron yana miƙa hannu yana son ƙwallo. Na ga matan nan sun fara kallonmu da irin idon da ake kallon gidan da aka yi rashi.

"Ɗauko shi mu tafi," in ji Hajiya. "Ba mu taso tun asuba don a tozarta mu ba."

Iya ba ta kula ta ba, ni ta matso ta ce a hankali, "Wata tara yana cikinki, muryarki ce ta fara isa gare shi kafin ta kowa. Ban ce ki faɗi suna ba. Ki ce komai. Ko 'kai' ne."

"Ke, ba da ke nake ba?" in ji Hajiya.

Shekara biyu ina gidan aure ban taɓa mayar mata da magana ba. Na ɗago na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Ba zan tashi ba sai na sani."

Na zagaya na durƙusa ta damansa, yadda ba zai gan ni ba. Wallahi "kai" na yi niyyar cewa. Na karanta kalaman ƙauna sun fi a ƙirga, na haddace wasu tun ina budurwa, na tanada su ban san wa nake tanadar wa ba. Duk suka gudu. Abin da ya rage shi ne abin da nake kiransa da shi a zuci tun ranar suna, in ina ba shi nono, in ina wanke kayansa. Bakina ya buɗe, shi ya fito, da ƙarfi kuma.

"Haruna."

Ya saki ƙwallon. Ya juyo gaba ɗayansa, har sai da ya kusa kifewa, ya kafe ni da ido, bakinsa a buɗe, kamar mutumin da ya daɗe yana jin labarin wani sai yau ya gan shi. Na ƙara faɗa. Ya yi wata 'yar ƙara ya miƙo hannu biyu. Ban san lokacin da na ɗauke shi ba, ban san ina kuka ba sai da hawayen ya sauka a kansa. Na ji ana tafi kamar daga nesa.

Iya ba ta bar ni na gama murna ba. Ta sa na mayar da shi, na koma ta hagu na sake kira. Ya ji, amma sai ya waiga dama yana nemana. Sau biyu haka. Ta zaunar da ni ta ce, "Nan ba asibiti ba ne, ni kuma ba zan yanke hukunci da gora da buta ba. Abin da idona ya gani, na dama yana aiki, na hagu ina shakka. Ki kai shi asibitin kunne a auna shi da na'ura, cikin satin nan, ba wata mai zuwa ba. Kafin nan ki yi ta yi masa magana. Ki gaya masa kina tuƙa tuwo, ki gaya masa ana ruwa. Ta dama."

Da na waiga benci babu Hajiya. A ƙasan bene muka same ta tana kallon titi.

Mun je Kwari, don ita ba ta fasa abin da ta zo yi. Kasuwar nan layi ne cikin layi, atamfa da shadda da leshi tun daga ƙasa har rufi, in ka saki hannun ɗan'uwanka sai dai ku haɗu a gida. Hajiya ta sauke fushinta duka a kan wani bawan Allah mai shago, ta taya masa atamfa tayin da ya sa ya cire hula ya share gumi ya ce, "Hajiya, ko dai na taɓa yi miki laifi ne ban sani ba?" Ni ko kallo ban samu ba. Ta karɓe yaron ta goya. A nan ne ta kira 'yarta a waya ta koma gefe, daga nan kuma labarin ya kamo hanyar Gumel ya bar mu a baya.

Bayan la'asar muka yi sallama da ƙawata a Yankaba. Muka wuce Gezawa yaron yana barci a cinyar Hajiya. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iska tana kwantar da gero. Can, ba tare da ta dube ni ba, Hajiya ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Shekara talatin da ɗaya na yi da mai sunan nan. Ban taɓa faɗa ba. Ranar da zai rasu ina zaune a kansa, ina so ya buɗe ido ya dube ni, bakina ya ƙi. Ke kuma kin tashi a gaban duniya kin faɗe shi kamar kina kiran mai goro."

Na ce, "Ku yafe mini, Hajiya."

"Ban yafe ba tukuna."

Muka ƙara tafiya. Yaron ya farka ya fara mutsu-mutsu a cinyarta. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ɗaga shi ta ɗora mini.

"Karɓi. Ba haka ba, juya shi. Wancan ne mai jin." Ta gyara mayafinta ta rufe fuska ta jingina da taga. "Ni barci zan yi. In na yi barci ba na jin komai."

Hajiya ba ta taɓa barci a mota ba, duk gidan an sani. Daga nan har Gumel na yi wa ɗana hira. Na gaya masa ga shanu, ga ruwa ya fara sauka, ga masu masarar ɗazu suna kwashe kaya. Muryata tana rawa da farko kamar ta mai koyon karatu, daga baya ta zauna. Shi kuwa ya riƙe leɓena da yatsunsa yana kallon inda maganar take fitowa.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce wa ɗanta ya nemi izini a wurin aiki, ranar Litinin za a koma Kano asibiti, kuma da ita za a je. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce to. Har yau da nake rubutun nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita, in na fara yi wa yaron hira sai ta ɗauki tabarmarta ta koma gindin darbejiya. Ban ce ta yi laifi ba. Abin da ta riƙe shekara talatin da ɗaya ba zai sauka a kwana ɗaya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne. Kunya tarbiyyarmu ce, da ita aka raine ni, kuma har gobe ba zan ɗaga ido in kalli surukata ba. Amma an koya mini yin shiru don girmama manya, ni kuma na kwashe shirun nan duka na zuba wa jaririn da bai san komai ba, har na kusa kasa gane ko shi ne ba ya ji ko ni ce ba na magana. Ban san abin da na'ura za ta ce ranar Litinin ba, ina roƙon ku sa mu a addu'a. Wadda kuma take ganin na yi rashin kunya, ba sai ta turo saƙo ba, gidanmu ba ɓoyayye ba ne. Ta zo da hantsi, lokacin nake yi masa wanka ina kiransa. In abin ya yi mata nauyi ta toshe nata kunnuwan, tana da biyu. Ɗana guda ɗaya muka tabbatar yana da shi, kuma ba zan ƙara barinsa ya wuni babu muryar uwarsa a ciki ba.